Hular Da Na Warware

Akwai maganar da na daɗe ina ji a bakinku, Zainab da Auwalu da Hadiza, ina haɗiyewa, yau dai na gaji. Kuna cewa wai Maman Bulus ta daina shigowa gidanmu ne don 'yan cocinsu sun hana ta, ko kuma don ɗanta ya samu aiki mai maiƙo ya ɗauke ta, ta manta da maƙwabtanta. Auwalu ma ranar babbar Sallah, bakinsa cike da naman da na soya, cewa ya yi su dama haka suke, komai daɗewarka da su sai sun nuna maka wata rana. Yaron da matar nan ta goya wata guda cur lokacin da nake kwance a asibiti, shi ne yau ya iya wannan magana. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu ruwan coci, babu ruwan Bulus. Ni na kori Saratu, Maman Bulus ɗin, daga gidan nan, kuma da kwarashi da zaren ulu na kore ta. Zan rubuta muku yadda aka yi tun idona yana iya bin layin takarda.

Lokacin da babanku ya kama fili a Tudun Fulani, nan Minna, gidajen layinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Shi yana sarin doya da hatsi daga Gwada yana kawowa gari, ni kuma ina koyarwa a firamare. Katanga ɗaya ta raba mu da wasu mutanen kudancin Kaduna, mijin direba ne, matar tana tuyar ƙosai da safe. Gaisuwa kawai muke yi, har ranar sunan Zainab. Ina zaune cikin mata sai ga wannan doguwar mata ta shigo da abu a naɗe cikin ɗankwali, ta buɗe, ta sa wa jaririyata 'yar farar hula saƙar hannu, ta juya za ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Na ce a riƙe mini ita. Daga ranar ban sake ta ba sai da na cika shekara talatin ina shan inuwa ɗaya da ita. Sunanta Saratu, amma ban taɓa kiran ta da shi a gabanku ba, ita ma ba ta taɓa kira na Rabi ba. Maman Zainab take ce mini, kuma kowace mace a wurinta "ka" ce. Ina malamar makaranta, na gyara bakin yara ba iyaka, amma na kasa sa Saratu ta ce mini "ki" ko sau ɗaya.

Ita ta koya mini saƙa, kuma sai da muka sha dariya kafin in iya, don bahaguwa ce. In na zauna a gefenta komai sai ya juye mini. Da ƙyar muka gano dabara: ta zauna tana fuskanta ta, abin da hagunta ya yi damana ya kwaikwaya. Shi ya sa saƙarta take zagayawa ta wannan gefe, tawa ta wancan, kuma tata sakwa-sakwa ce mai laushi, tawa kuwa a matse kamar ina jin haushin zaren. Kullum sai ta karɓi aikina ta matsa da yatsu ta girgiza kai.

"Maman Zainab, hannunka ya cika tauri. Ka saki zaren mana, ba ɓarawo ka kama ba."

Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Ɗaya ta riƙe littafi tana karantawa a fili, ɗaya tana saƙa, in an kai ƙarshen babi mu yi musanya. Littattafan labari na Hausa nake arowa wurin abokan aikina, wani lokaci tsohuwar jarida ma ta wadatar. Nan muke sauke gajiyar alli da ta hayaƙin ƙosai. Ba mu taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. Duk jaririn da aka haifa a layinmu, na masallaci ko na coci, sai ya sa hularmu ranar da aka raɗa masa suna, har abin ya zama kamar doka. Babanku in ya dawo daga kasuwa ya same mu, ba ya wucewa sai ya tsokana.

"Ikon Allah. A Minna, garin da rana ke dafa ƙwai, ku kuma hular sanyi kuka sa a gaba."

"Baban Zainab," in ji Saratu, "jariri bai san ya zo Minna ba tukuna. Sanyi yake ji."

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce shekarar da Zainab ta samu cikin fari. A lokacin mijin Saratu ya daɗe da rasuwa, ciwon suga kuma ya ci idanunta, sai dishi-dishi take gani, rana da inuwa kawai take bambancewa. Musanyar littafi ta ƙare, ni kaɗai ke karatu, ita kuma ta ajiye kwarashi tana saurare hannu a cinya. Amma ranar da na gaya mata Zainab na da juna biyu, sai ta miƙe zaune sosai.

"Ni na sa wa uwarsa hula," ta ce. "Ni zan sa wa ɗan. Ka kai ni kasuwa."

Na riƙe hannunta muka shiga Kasuwar Kure. Ta sa mai shago ya jera mata zare, tana shafa kowanne a kumatunta, tana tambaya ta launinsa. Ta zaɓi ruwan ɗorawa, wai ko mace ko namiji zai karɓe shi. Hular da a da take gamawa a kwana biyu, wata huɗu ta yi tana fama da ita. Ina karatu, tana ƙirga a hankali da leɓɓanta, tana laluben inda za ta soka kwarashi da babban yatsa. Ni kuma ta saman littafin ina kallo. Ina gani tana tsallake wuri ta bar rami. Ina gani gefe ɗaya yana fin ɗaya tsawo. Tun ranar farko ta roƙe ni abu ɗaya.

"Kai ne idona yanzu. In na ɓata ka gaya mini."

Kusan kullum sai ta miƙo mini aikin ta ce, "Ya yi kyau?" Ni kuma in ce, "Ya yi kyau, ci gaba." A lokacin tausayi na kira abin. Yanzu da na tsufa na san sunansa na gaskiya: raini ne. Na riga na yanke a raina cewa matar da ta koya mini sana'ar nan ta gama yayi, sai dai a lallaɓa ta kamar yaro mai wasan ƙasa.

Zainab ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi a cikin fari, Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Kwana uku da haihuwa matar Bulus ta jawo Saratu har ɗakin mai jego, hular na naɗe cikin ɗankwali kamar wancan karon. Zainab ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya har da hawaye. Suna fita ta buɗe sosai ta ɗaga a hasken taga. Hular ta karkace, ramuka uku manya da yatsa zai shige, ga ƙulli a fili inda zare ya tsinke aka ɗaura. Zainab, kin san abin da kika ce, ba don in kunyata ki nake maimaitawa ba.

"Mama, don girman Allah kada a sa wa yarona wannan ranar suna. Kin san dangin babansa. Da waya a hannu za su zo, komai sai sun ɗauka."

Ban ga laifinki sosai ba. Ga ki mai ɗanyen jego, kin auri ɗan manyan mutane, kina tsoron bakin ƙannen miji. Abin da ba ki sani ba shi ne ni ma kunyar nake ji, har na fi ki. Tun wajen biki na cika wa uwar mijinki baki cewa ni da maƙwabciyata babu mai kama hannunmu a saƙa duk faɗin yankinmu na Bosso. Kuma kun san yadda ake yi da kayan barka: a zube su a tsakar gida, wata mai baki ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunan wanda ya kawo. Ɓoye hular ba zai yiwu ba, don Saratu za ta zauna tana jiran ta ji sunanta, kuma za ta nemi a sa wa yaron. Na yini ina juya hular a hannuna. Babanku, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne amma ba a yi masa ɓoyo. Yana alwalar magariba ya dube ni ya dubi hular.

"Rabi, ki bar wa mata kayanta yadda ta yi shi. In za a sa a sa, in ba za a sa ba ki je ki gaya mata da bakinki. Kada garin neman gira a rasa ido."

Na ce masa sha'anin mata ne, ya ji da doyarsa.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na jawo ƙofar ɗakina na nemo bakin zaren. Saƙar kwarashi ba ta da wuyar warwarewa, in ka kwance ƙullin ƙarshe ka ja, sai ta biyo ka. Aikin wata huɗu bai kai tafasar ruwan shayi ba ya koma tulin zare a cinyata. A tsakiya na tarar da silin furfurarta ɗaya da ya shiga cikin saƙar tana aiki ba ta sani ba. Na zare shi na yar. Wannan silin gashin ya fi komai damu na har yau, amma a ranar ko gezau ban yi ba. Na naɗe zaren na soma sabuwa, kwana biyu na gama, kuma ban taɓa saƙa hula mai kyanta ba, kafin nan ko bayan nan. Na ce a raina zarenta ne, launinta ne, sunanta za a faɗa, ita kuma ba gani take yi ba. Wa aka cuta?

Ranar suna gida ya cika har ƙofar zaure. Dangin miji suka zo da akwatunansu, aka yi ta ɗaga riguna da tawul da turamen atamfa ana guɗa. Saratu na zaune a kujerar da na ajiye mata a gindin mangwaro, ta ci ado da zanen da take zuwa coci da shi. Da aka zo kan hular, mai sanarwa ta ɗaga ta sama ta ce daga Maman Bulus, saƙar hannunta. Mata suka ɗauki salati. Uwar mijin Zainab ta karɓa tana juyawa tana cewa tubarkalla, wai mace ba ta gani amma ta yi abin da masu ido ba za su iya ba. Aka yi tafi. Na dubi Saratu, bakinta har kunne, tana sunkuyar da kai tana cewa ba komai, ba komai. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarta ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, na ga kaina mai dabara. Aka sa wa yaron hular. Sai Saratu ta miƙa hannuwa ta ce a ba ta jikanta.

Aka ɗora mata shi a cinya. Ta shafa kumatunsa, ta shafa kunnensa, hannunta ya hau kan hular. Ina tsaye kusa da ita da farantin masa. Yatsunta suka soma bin saƙar ta gefen da ta saba, suka tsaya. Suka koma suka bi ta ɗaya gefen. Ta matsa bakin hular tsakanin yatsu biyu, yadda take matsa aikina shekara talatin. Ta nemi ƙullin nan nata ba ta samu ba. A nan na tuna abin da ko ɗalibar kwana uku ba za ta manta ba, cewa saƙar bahaguwa da ta mai dama ba hanyarsu ɗaya ba, kuma Saratu ba da ido ta taɓa duba saƙa ba. Murmushin bai ɓace lokaci ɗaya ba, a hankali ya sauka. Ta tofa wa yaron addu'a irin tasu, ta ce Allah ya raya, ta miƙa shi. Sannan ta juyo da fuska daidai inda nake, ta yi ƙasa da murya yadda babu wanda ya ji sai ni.

"Maman Zainab, kana nan?"

"Ina nan."

"Hannunka har yanzu da tauri."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta taɓa masar ba. Kafin la'asar ta ce kanta na ciwo, matar Bulus ta mayar da ita gida.

Washegari na shimfiɗa tabarma, ba ta zo ba. Jibi ma haka. A kwana na uku na zaga na same ta a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube. Na gaishe ta ta amsa. Na ce mata don kada a yi mata dariya na yi abin da na yi. Ta ajiye tiren.

"Da sun yi dariya, ni za su yi wa, kayana ne. Makanta ban ji kunyarsa ba, Allah ya kawo. Amma wata huɗu ina tambayarka, ya yi kyau? Kana cewa ya yi kyau. Da ka ce, Saratu, nan ya ɓaci, da na warware da hannuna na sake. Ka bar ni na zauna gaban mutane ana tafa mini a kan abin da ba nawa ba, ina washe baki kamar wawa, kai kana tsaye kana kallo."

A nan ne ya kamata in durƙusa in ce ki yafe mini. Kalma uku. Kun san halin uwarku, ba a taɓa kama ni da laifi na yi shiru ba. Zuciya ta ɗebe ni, na ce daga taimako sai ya zama abin faɗa? Na ce kwana biyu na yi ina kashe idona don in rufa mata asiri. Sannan na faɗi maganar da har in shiga kabari ba zan daina jin ɗacinta ba.

"In ramukanki kike so, ai ga hular can, sai ki zo ki warware ki mayar da su."

Ta lalubo tirenta ta ci gaba da tsintar wake. Na juya na fito ina huci, ina jiran ta huce ta biyo ni, don a ganina ni aka yi wa butulci. Sati ya wuce, wata ya wuce. Da safe ina jin tarinta ta bayan katanga, ita ma na san tana jin muryata. Babanku ya yi magana sau biyu.

"Rabi, katanga ɗaya ce fa. Ba Gwada aka ce ki je ba."

Na ce wanda ya yi fushi shi zai sauko. Ina nan ina wannan taurin kai aka yi wa Bulus canjin wurin aiki, ya ce ba zai bar uwarsa ita kaɗai ba, ya mayar da ita garinsu wurin 'yan'uwanta. Ranar tafiya ina jin ana loda kaya a mota, na zauna a ɗaki ina jira ta aiko a kira ni. Matar Bulus ce ta shigo, ta ajiye mini kwarashin Saratu guda biyu da ragowar zaren ruwan ɗorawa a leda. Na tambaye ta ko akwai saƙo. Ta ce Mama ba ta ce komai ba. Damina ta zagayo Bulus ya kira babanku a waya ya ce an binne ta kwana biyu da suka wuce.

Ku kuma da kuka ga ta tafi ba sallama sai kuka ƙirƙiro naku dalilin, na coci da na kuɗi, ni kuma na bar ku a kai don ya rufe ni. Shekara goma sha biyu ina jin 'ya'yan da ta goya suna zagin ta a tsakar gidana, ina ba su abinci. Wannan ya fi warware hular muni. Littafin da muke karantawa a lokacin yana nan a ƙasan akwatina, da guntun zare a shafin da muka tsaya. Labarin wata mata ce da ta fita neman ƙaninta. Ban san ko ta same shi ba, na kasa buɗewa ni kaɗai.

Za ku ce me ya tayar da maganar yanzu. Hadiza ta sani, ko da yake ba ta san na sani ba. Bara da kika haihu, Hadiza, na saƙa wa 'yarki koriyar hula da kwarashin Saratu. Idona ya soma yin yana, sai na kai abu dab da hancina nake gani, na yi wata biyu a kanta. Sau nawa na tambaye ki ko ta yi kyau? Kika ce ta yi kyau, Mama. Ranar suna aka ɗaga aka faɗi sunana, aka yi guɗa, aka ɗora mini jaririyar a cinya. Na kai hannu kanta. Saƙar inji ce, sumul, irin wadda ake jerawa a Kasuwar Kure, ga ɗinki a bayanta, har na taɓo wurin da kika yanke 'yar takardar kamfani da reza. Kin yi ƙoƙari wajen neman launin, kore ne sak. Na ce Allah ya raya, na miƙa ta. Kuna ta hidimarku, babu wanda ya lura ban ci komai ba a ranar.

Zan so in ce ban ji haushi ba, amma na daina ƙarya a kan hula. Na ji ƙwarai, kuma babu wanda zan kai wa ƙara, don ni na koya muku. Sai dai kin fi uwarki, ke ba ki warware ba, ɓoyewa kika yi. Zainab, hular ruwan ɗorawan nan da kike ajiye da ita kina nuna wa ɗanki kina cewa ta Maman Bulus ce, ki gaya masa gaskiya: zaren kaɗai ne nata, shi ta shafa a kumatunta ta zaɓa, sauran duk taurin hannun kakarsa ne. Auwalu, kada in sake jin ka ce su dama haka suke. Ke kuma Hadiza, ki dawo mini da hulata, da ramukanta nake son ta. In na sake miƙo miki saƙa na ce ta yi kyau, ki kama yatsana ki ɗora a inda ta ɓaci, ni zan warware da hannuna.